Amsa ga jikata kan tabarmar Kirsimeti

Jikata, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Saƙonki ya iso. Kin tambaya ko lokaci bai yi ba da za mu bar al'adar gidanmu ta zaunar da kutare da makafi da gwauraye a tabarma ɗaya da mu ranar Kirsimeti, tunda ana iya zuba musu shinkafa a roba a aika, ku matasa kuma ku samu sararin shirin azumin sabuwar shekara da taron farkawa. Na ji daɗi da kika tambaya kafin ki yanke shawara. Amma ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Ki fara sanin inda muka fito. A shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, ya karɓi kula da asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A wancan zamani ba a sakar wa masu bishara mara su yi wa'azi a biranen sarakuna, saboda haka da yawa daga cikin Hausawan farko da suka bi Almasihu a waɗannan wurare suka ji Maganar Allah: wasu majinyata ne, wasu 'ya'yansu, wasu masu wanke musu miki. Kafin a kafa ikilisiyar ECWA a 1954, akwai masu rera waƙar sujada da hannun da ba yatsu. Kakanki marigayi cikinsu ya tashi. Ya ga yadda ake ware wa kuturu ƙwaryarsa, ake miƙa masa tuwo daga nesa, ko danginsa ba sa haɗa akushi da shi. Shi ya sa da ya kafa gida ya ce muddin yana da rai, ba wanda za a tsayar a bakin zaure ranar haihuwar Mai Ceto.

Ba shi ya ƙago abin ba. Buɗe Markus sura 1. Yesu yana da ikon warkar da kuturun nan da magana kawai, amma sai ya miƙa hannu ya taɓa shi. A Luka 14 kuma ya ce in za ka yi biki, ka gayyaci matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama maka ba. Gayyata ya ce, 'yata. Robar da aka aika tana kashe yunwa, Allah kuma ya saka wa mai aikawa, sai dai ba ta gaya wa mutum cewa shi ɗan gida ne. Zumunta a ƙafa take.

Azuminku abu ne mai kyau, ina ma yi muku addu'a a kai. Amma kafin ku fara, ku zauna ku karanta Ishaya 58 tare. Mutanen suna azumi, suna gunaguni cewa Allah bai kula ba. Ya amsa musu cewa azumin da yake so shi ne a kwance wa wanda aka zalunta igiya, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida cikin gida. Farkawar da kuke nema a majami'a, ta wannan ƙofa take shigowa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga an kwana ana waƙa da kuka, gari ya waye mai babbar riga yana kujerar gaba, gwauruwa tana tsugune a bakin ƙofa. Yakubu sura 2 ta riga ta tsawata mana a kan wannan.

In tsoron ɗaukar cuta ne ke damun ƙawayenki, gaya musu kuturta tana da magani, kyauta ake ba da shi, wanda ya fara sha kuma ba ya yaɗa ta. Yawancin masu zuwa gidanmu sun warke tun ba a haife ki ba, tabo ne kawai ya rage.

Bana gwiwoyina ba za su bar ni in yi ta kai da kawowa ba. Ki zo tun jajibiri da ƙawayenki biyu ko uku, ke za ki zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, sannan ki zauna ki ci tare da su. Ki gaishe mini da babanki.