Tambaya da Amsa: Ƙanwata kurma ce, a wajen awo ba a magana da ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanwata kurma ce, sanƙarau ne ya taɓa mata ji tun tana ƙarama, yanzu tana da ciki wata shida, to duk ranar awo a asibitin unguwarmu sai a kira sunanta a wuce tana zaune kan benci ba ta sani ba, in ma ta shiga ni nas ɗin take kallo tana tambaya kamar ita ba ta wajen. Ranar da ban raka ta ba aka ba ta maganin ƙarin jini ta dawo ba ta san yadda za ta sha ba. Ya za mu yi? Daga wata 'yar uwa a Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah Ya sauke ta lafiya. Wallahi abin nan yana ci min rai, don cikin nata ne, jikin nata ne, ita ya kamata a kalla a tambaya ko da ke ce mai fassara.

Kuma ba alfarma kuke nema ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar da zai fahimci mara lafiyan da ba ya ji ko ba ya magana.

Ki samu incaj ɗin asibitin ranar da ba cunkoso, a rubuta a saman katinta da jan biro cewa ba ta ji, a zo a taɓa ta in layi ya zo kanta. Nas ta sauke takunkumi ta fuskance ta, ihu ba ya ƙara komai sai kunya. In za a samo mai fassara ku fara tambaya wace irin maganar hannu ya iya, don wadda ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki da ke Kano tushenta daga Amurka yake, ta sha bamban da maganar hannu da kuramenmu suka tashi da ita a gida da kasuwa, sai ki ga an kawo mutum yana ta juya hannu ita kuma tana gyaɗa kai don kawai kar ta ba shi kunya. Wannan gyaɗa kan shi na fi tsoro. A ce ta nuna da hannunta ƙwaya nawa, yaushe, a zana mata rana da wata a jikin ledar maganin.

Sannan ke ma wani lokacin ki ɗan ba su waje in tana iya rubutu, akwai abin da mace ba za ta faɗa gaban yayarta ba.

Tun yanzu ku tsayar da alamar da za ta yi muku ko hoton da za ta turo a WhatsApp in ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko fuska ta kumbura, ko ɗan ya daina motsi. Ko tsakar dare ne ku kai ta asibiti, kar ku jira ranar awo.