Ƙullutun ruwa a ƙwaƙwalwar tayi: yana da alaƙa da ciwon koroid na ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da juna biyu, mako 20. An yi min sikanin, mai aikin ya ce ya ga ƙullutun ruwa mai faɗin milimita 6 a cikin ƙwaƙwalwar yaron, a wani wuri da ake kira koroid fileksas, amma ya ce kada in damu. To mahaifina shekara biyu ke nan ana yi masa allura a ido, kuma a takardarsa ma na ga an rubuta koroid. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ciwon Baba ne ya bi jini? Yaron zai iya zuwa da makanta ko matsalar ƙwaƙwalwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya raba lafiya, Ya kuma ƙara wa Baba sauƙi. Ki kwantar da hankalinki: abin da aka gani a sikanin ɗinki ba shi da haɗi da ciwon idon mahaifinki. Gaɓoɓi biyu ne daban da suka yi tarayya a suna saboda dukkansu cike suke da ƙananan jijiyoyin jini. Aikinsu ba ɗaya ba ne, cututtukansu ma haka.

Bari mu fara da na yaron. A cikin ƙwaƙwalwa akwai kogo guda huɗu, kuma a kowanne akwai wani nama mai laushi, mai yawan lanƙwasa, shi ne koroid fileksas. Shi yake tace jini ya samar da mafi yawan ruwan nan garau da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka. A jikin babban mutum ana samar da kusan mililita 500 a rana, alhali abin da ke ciki a lokaci guda bai wuce wajen mililita 150 ba, wato ruwan yana sabuntuwa sau uku zuwa huɗu kullum. A tsakiyar watannin juna biyu wannan nama babba ne idan aka gwada shi da girman kan tayin, kuma yana girma da sauri. Wani lokaci ɗan ruwa yakan maƙale tsakanin lanƙwasarsa, kamar bororon da ke tashi a fata. Shi ne ƙullutun da aka gani. Ba ƙari ba ne, ba sankara ba ce, kuma ba a cikin naman ƙwaƙwalwar da ke tunani da sarrafa jiki yake ba.

Ana ganinsa a kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na sikanin da ake yi tsakanin mako 18 da 22, kuma mafi yawansu sun ɓace kafin mako 28. Ko da bai ɓace ba, shi kaɗai ba ya hana kaifin basira, ba ya jinkirta tafiya ko magana, ba ya taɓa gani. Ba a shan masa magani, ba a yi masa aiki.

Me ya sa to ake rubuta shi a takarda? Saboda wata lalura da ake kira tirisomi 18, inda yaro ke zuwa da ƙarin ƙwayar gado ta 18, uku maimakon biyu. Kusan kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin masu wannan lalura ana ganin ƙullutun a kansu. Sai dai kusan ko da yaushe lalurar takan nuna kanta a wasu wuraren ma. Don haka tambayar da za ki yi wa likitanki ita ce: ƙullutun shi kaɗai ne, ko akwai wani abin? Girmansa, ko yana gefe ɗaya ko biyu, bai kai wannan muhimmanci ba. A sikanin na tsanaki ana duba zuciya da ɗakunanta huɗu ko akwai huda a tsakani. Ana duba hannu, ko yaron yana buɗe shi ko kullum a dunƙule yake yatsu sun hau juna. Ana duba siffar tafin ƙafa, leɓe, bangon ciki wajen cibiya, yawan jijiyoyin igiyar cibiya, yawan ruwan mahaifa, da ko girman yaron ya dace da makonninsa. Ana kuma auna faɗin kogon ƙwaƙwalwar, wanda ya kamata ya zama ƙasa da milimita 10. In duk waɗannan lafiya lau suke, magana ta kusa ƙarewa. In ana son ƙarin tabbaci, musamman idan shekarun uwa sun haura 35, akwai gwajin jinin uwa da ke duba ƙwayoyin gadon tayi, ana iya yinsa tun daga mako 10. Ɗiban ruwan mahaifa da allura kuwa, ba a yinsa don ƙullutu shi kaɗai idan gwajin jini ya fito lafiya. A ganina kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a yi ta maimaita sikanin duk mako biyu ana jiran ƙullutun ya tafi. Ɓacewarsa ba ta tabbatar da komai ba, zamansa ma bai nuna komai ba. Sikanin ɗaya a hannun ƙwararre ya fi biyar na gaggawa.

Cutar gaske ta koroid fileksas ita ce ƙari, kuma ba kasafai ake samunta ba. An fi ganinta a yara ƙanana, mafi yawanta marar sankara ce, tana warkewa idan aka cire ta gaba ɗaya. Illarta ita ce ta samar da ruwa fiye da kima ko ta toshe hanyarsa, sai ruwa ya taru a kai. Ƙullutun da ake gani a ƙwaƙwalwar tayi ba ya rikiɗewa ya zama wannan ƙari. Amma kowace uwa ya kamata ta san alamun taruwar ruwa a kan jariri: maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake ba, amai mai feshi, idanu su riƙa kallon ƙasa, kai ya riƙa girma fiye da ƙa'ida. Kewayen kan jariri wajen santimita 35 ne a haihuwa, yana ƙara kusan santimita 2 a wata a watanni ukun farko.

Sai na Baba. Koroid na ido shimfiɗa ce ta jijiyoyin jini a bayan ido, tsakanin farin ido da tantanin gani. Kaurinta bai fi sulusin milimita ba, amma ita take ciyar da ƙwayoyin da ke karɓar haske. Allurar da ake yi a cikin ido akai-akai ga mai shekaru, galibi saboda wasu sababbin jijiyoyi ne marasa ƙwari da ke tsirowa daga koroid su kutsa ƙarƙashin tsakiyar tantanin gani, suna yoyon ruwa da jini. Mutum sai ya ga layi miƙaƙƙe ya karkace, ko duhu ya zauna a tsakiyar abin da yake kallo, gefe kuma yana gani. Magungunan, irin su Avastin da Lucentis da Eylea, suna danne sinadarin da ke sa jijiyoyin tsiro. Ana sa kimanin mililita 0.05, yawanci wata-wata sau uku da farko, daga nan a tsawaita tazara gwargwadon abin da hoton bayan ido da ake kira OCT ya nuna. Akwai wani nau'in da jijiyoyin ke yin ƙananan kumburi a ƙarshensu, an fi samunsa a baƙar fata da mutanen Asiya, wani lokaci sai an haɗa masa da maganin da ake kunnawa da hasken leza. Wannan ciwon manya ne. Gado yana da ɗan hannu a ciki, amma a shekarun girma yake bayyana, ba a jariri ba, kuma shan taba ne babban abin da mutum zai iya kauce wa.

Ki gaya wa Baba abu biyu. Kada ya tsallake ranar allura don ya ga ido ya washe, domin ruwan yana dawowa, kuma tabon da ya zauna ba ya gogewa. Sannan idan bayan allura ido ya yi ja, yana ciwo mai ƙaruwa, gani yana raguwa, ya koma asibiti a ranar, kada ya kwana, ƙwayar cuta ce ake tsoro. A gida ya riƙa rufe ido ɗaya yana kallon takarda mai layi-layi daga nisan santimita 30, sanye da tabaran karatunsa, ya duba ko layukan sun karkace ko duhu ya rufe wani wuri, sannan ya sauya ido. Ido mai lafiya yana rufa wa marar lafiya asiri, shi ya sa ake gwada su ɗaya-ɗaya.

Akwai wurin da ido da ƙwaƙwalwar tayi kan kamu tare, ko da yake ba ta hanyar ƙullutun nan ba. Cutar tokzofilasma, idan uwa ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya jawo kumburin koroid da tantanin gani, da taruwar ruwa a kai. Ana ɗaukarta daga naman da bai dahu sosai ba, ganye da 'ya'yan itacen da ba a wanke ba, ruwa marar tsabta, da ƙasar da kashin kyanwa ya taɓa. Ki dafa nama har cikinsa, ki wanke hannu da wuƙa bayan taɓa ɗanye, ki bar wa wani share kashin kyanwa. Tunjere ma yana taɓa duka biyun, shi ya sa ake gwada shi a awo, kuma allurar fenisilin tana maganinsa.

Koroid ɗin da zan so ki fi sa wa ido a watannin nan shi ne naki. Daga mako 20 hawan jinin masu ciki yake fara bayyana, kuma idan ya tsananta yana matse jijiyoyin koroid har ruwa ya taru ƙarƙashin tantanin gani. Idan awon jininki ya kai 140 bisa 90, a sanar da likita a duba fitsari. Idan kuma kika ga hazo, ko walƙiya a ido, ko ciwon kai da ba ya jin magani, ko ciwo a saman ciki ta dama, ko fuska da hannu suka kumbura farat ɗaya, ki tafi asibiti nan take, kada ki jira ranar awo.