Daidai Ruwa Daidai Tsaki a Ajin Kemistiri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a wata sakandare da ke Tudun Wada, Kaduna. Ana koya mana yadda ake gane sinadarin da ke fara ƙarewa idan aka haɗa sinadarai biyu, da lissafin nauyin abin da za a samu. Malaminmu ya ce darasin gaba ɗayansa "daidai ruwa daidai tsaki" ne. Mene ne tsaki a nan? Kuma karin maganar ta dace da darasin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba tsakin da ake ja da baki don nuna ɓacin rai ake nufi ba. Tsaki a nan ɓarzajjen hatsi ne, masara ko dawa, wanda bai kai gari laushi ba, irin wanda ake fate da dambu da shi. Duk wadda ta taɓa tsayuwa kan tukunyar faten tsaki ta san abin da Bahaushe yake faɗa. In ruwa ya yi yawa faten ya tsinke, in tsaki ya yi yawa ya cure ya kama gindin tukunya tun rama ba ta nuna ba. Ma'anar dai ita ce kowane abu a ba shi gwargwadonsa.

Malaminku ya yi gaskiya, amma karin maganar rabin darasin kawai ta ɗauka. Bari mu gani da amoniya, wadda da ita ake yin takin yuriya da manomanmu ke nema duk damina. Fritz Haber ne ya nuna yadda ake haɗa ta a Jamus a 1909, Carl Bosch kuma ya kai aikin masana'anta a 1913. Ƙa'idar haɗin ita ce N₂ + 3H₂ → 2NH₃: mol ɗaya na naitirojin yana cin mol uku na haidirojin, a samu mol biyu na amoniya. Mol ƙidaya ce ta ƙwayoyin sinadari, kimanin 6.022 × 10²³. Mol ɗaya na naitirojin giram 28 ne, na haidirojin giram 2, na amoniya giram 17. Ke nan giram 28 da giram 6 su ne daidai ruwa daidai tsaki, su ba da giram 34, babu abin da ya yi saura.

To amma masu tsara jarrabawar WAEC da NECO ba kasafai suke ba da ma'auni daidai ba. Sai su ce ga naitirojin giram 28, ga haidirojin giram 10. Nan ɗalibai suke faɗawa rami. Ido ya ga 10 ta gaza 28, sai a rubuta cewa haidirojin ce za ta fara ƙarewa. Kuskure ne, domin sinadarai ba da nauyi suke haɗuwa ba, da ƙidayar ƙwayoyi suke haɗuwa. Ki mayar da kowanne mol tukuna. Naitirojin, 28 a raba da 28, mol 1. Haidirojin, 10 a raba da 2, mol 5. Sannan ki raba kowanne da lambar da ke gabansa a ƙa'idar (inda babu lamba, 1 ce): 1 a raba da 1 ya ba da 1, 5 a raba da 3 ya ba da kusan 1.67. Wanda amsarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai ƙarewa, wato naitirojin, duk da nauyinta. Da ita za ki yi sauran lissafin: mol 1 ya ba da mol 2 na amoniya, 2 sau 17, giram 34. Haidirojin giram 4 ta yi rara.

Wannan rarar ce karin maganar malaminku ba ta hango ba. Ruwan da ya yi yawa a tukunya yana shiga cikin faten ya ɓata shi, ita kuwa rarar haidirojin tana nan yadda take, ba ta ƙara amoniya ko da giram ɗaya. Da ni ne a ajin, da na kira wannan ɓangaren "iya kuɗinka iya shagalinka", domin inda naitirojin ta tsaya nan haɗin ya tsaya. Ki gaya wa malaminku haka cikin ladabi, ina jin ba zai ƙi ba.

In kina son tabbatar da amsarki kafin ki miƙa takarda, ki tara abin da aka zuba, 28 da 10, giram 38. Ki tara abin da aka samu da rara, 34 da 4, nan ma 38. Wannan ita ce dokar da Antoine Lavoisier na Faransa ya rubuta a 1789, cewa nauyi ba ya ɓata a haɗin sinadarai. Sai dai giram 34 ɗin iyaka ce ta kan takarda. A masana'anta, duk da zafi sama da digiri 400 da matsi mai tsanani, kaso kaɗan ne na iskar naitirojin da haidirojin ke zama amoniya a zagaye guda, shi ya sa ake mayar da sauran cikin injin ya sake zagayowa.