Falsafa, kiɗa ko ilimin zamantakewa: dole sai na zaɓi ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar farko ta digiri na biyu a sashen ilimin zamantakewa. Tun ina digiri na farko nake son karatun falsafa, kuma na tashi a hannun kakata mai kiɗan ƙwarya, har yau kunnena yana wajen kiɗa da waƙa. Lokacin zaɓen batun bincike ya zo, mai duba aikina ya ce in daina raba ƙafa, in riƙe ɗaya. Dole ne sai na zubar da biyu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana da gaskiya, kundi tambaya ɗaya yake iya ɗauka. Sai dai akwai tambayoyin da ba sa amsuwa sai an haɗa waɗannan fannoni uku, kuma kina zaune a kan irinsu.

Ba ke kika fara wannan haɗi ba. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, masanin falsafa ne da ake yi wa laƙabi da "malami na biyu" bayan Aristotal, kuma ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, har da lissafin tazarar sauti a tsirkiyar molon Larabawa. Imam Gazali, da ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u kan ladubban sauraro da abin da sauti ke motsawa a zuciya. Ibnu Khaldun kuwa, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ɗauki waƙa a matsayin sana'a, ya ce ita ce ke zuwa ƙarshe idan gari ya bunƙasa, ita ce kuma ke fara ɓacewa idan ya soma rushewa. Wannan magana ce ta mai nazarin zamantakewa tsantsa. A Turai ma Max Weber, da kike karantawa a aji, ya bar rubutu kan yadda kiɗan Turai ya bi tafarkin lissafi da tsari, aka buga shi a 1921, shekara guda bayan mutuwarsa. Theodor Adorno ya yi digirin digirgir a falsafa, sannan ya tafi Biyana a 1925 ya koyi tsara kiɗa a wajen Alban Berg. Ki karanta Adorno, amma da hankali: ya yanke wa kiɗan jaz hukunci mai tsauri daga nesa, kuma a ganina nisan nan ne ya cuce shi.

Fannin da ke tara abubuwan nan yana da suna, nazarin kiɗa cikin al'adar masu shi. Alan Merriam, Ba'amurke, ya faɗa a 1964 cewa mai wannan nazari abu uku yake dubawa: sautin kansa, da halayyar mutane wajen yin sa da saurarensa, da abin da suka ɗauka a ransu game da shi. Ki duba da kyau, sha'awoyinki uku ke nan aka jera.

Bari in nuna miki da abin da kika sani. Bature yana da kalma ɗaya da ta haɗe duk wani sauti mai daɗi da aka tsara. Bahaushe ba shi da ita. Yana da kiɗa, yana da busa, yana da waƙa, yana da roƙo, da kirari, da bege. Mai buga bandiri a zikirin Ƙadiriyya a Kano ba zai yarda a kira shi makaɗi ba, ko da yake fata yake duka, kamar yadda mai kalangu ke yi. Waƙoƙin Nana Asma'u rera su ake yi, kuma ba wanda ya taɓa kallon masu rera su da idon da ake kallon mai goge. To mene ne ya raba? Kayan kiɗan ne, ko wurin da ake yi, ko niyyar mai yi, ko abin da sautin ke jawowa a jiki? Wannan tambaya ta falsafa ce, kuma malaman jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun yi rubutu a kanta, suna bambance abin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Veit Erlmann, Bajamushe da ya yi bincike a Maraɗi, ya tattara waɗannan rubuce-rubuce a 1986.

Yanzu ki juyo ɓangaren sashenku. A ƙasar Hausa kayan kiɗa suna da iyayen gida. Tambari da kakaki na sarki ne, kalangu an san shi da mahauta, dundufa da maƙera, garaya da maharba da 'yan bori, ƙwarya kuma ta mata ce. M.G. Smith, da ya yi aiki a nan Zazzau, ya nuna a 1957 yadda maroƙi ke tabbatar da matsayin mutane a bainar jama'a, alhali shi kansa an ajiye shi a ƙasa. Mai sarauta yana buƙatar bakinsa, attajiri yana tsoron zambonsa, ana yi masa kyautar doki da riga, amma idan ya zo neman aure sai a tuna asalinsa. Wannan abu yana damuna tun da na fara koyarwa, don ban ga wata sana'a da muke jin daɗinta haka muna raina mai ita haka ba. Dandatti Abdulƙadir ya bi sawun irin wannan tambaya a kundinsa na digirin digirgir kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana a 1975.

Ga inda nake ganin giɓi. Malaman sassan Hausa, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun yi gagarumin aiki wajen tattara waƙoƙin baka da shimfiɗa hanyar nazarinsu. Amma yawancin kundayen ɗalibai suna tsayawa ne a baiti: jigo, salo, zubi da tsari. Sai a rubuta waƙa a takarda, a bar kiɗan a waje, alhali ganga magana take yi, kuma wani lokaci abin da mawaƙi ya ƙi furtawa makaɗinsa ne ke faɗa. Kiɗan mata kuwa ya fi kowane shan wannan rashi, domin mafi yawan masu bincike maza ne, ba sa shiga cikin gida. Barmani Coge ta yi suna har ta rasu a 2013, amma mata nawa ne suka yi amada a bukukuwan suna da aure ba wanda ya naɗi muryarsu?

Shawarata, ki zauna a sashenki, ki yi aiki da hanyoyin bincikensa, hira da zama cikin mutane, don da su za a auna ki. Batunki ya zama ƙarami: masu kiɗan ƙwarya na unguwa ɗaya ko gari ɗaya, da yadda matsayinsu ya sauya tun da DJ da lasifika suka mamaye bukukuwa. Wa ke gayyatarsu yanzu, nawa ake liƙa musu, me mazajensu da malaman unguwa ke cewa, 'ya'yansu sun gaje su ko sun guje? Falsafar za ta shigo ta bakin matan da kansu, idan kika tambaye su ko abin da suke yi sana'a ce, ko wasa, ko roƙo, da dalilin da ya sa suke ganin bai saɓa wa mutunci ba. Kada ki cika shafi arba'in da maganganun masana falsafa irin su Aflaɗon na Girka kafin mace ɗaya ta yi magana a kundinki. Kiɗan kuma ki saurare shi da kunnen da kika tashi da shi: ƙwaryar da aka kifa cikin ruwa amonta daban da wadda aka kifa a ƙasa, kuma akwai lokacin da ake sauya kiɗa don a tayar da 'yan rawa. Ki rubuta waɗannan, da sunayen da su masu kiɗan ke kiran su.

Ki nemi izininsu kafin ki kunna rakoda, ki gaya musu inda muryarsu za ta je, ki kuma mayar musu da kwafi. Idan kakarki tana raye, da ita za ki fara, cikin makon nan. Idan ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ki nemi waɗanda suka yi mata amshi.