Baba ya kusa cika 65 a Amurka, Medicare za ta biya masa magani?

Ɗan'uwa, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga masu shekara 65 zuwa sama, tana da sassa. Ta asali, wato Part A (kwanciya a asibiti) da Part B (ganin likita), ba ta biyan maganin hawan jinin da Baba ke karɓa a kemis. Wannan aikin Part D ne, sashen magani na Medicare, wanda aka fara a 2006, kuma kamfanonin inshora masu zaman kansu ke sayar da shi.

Wata bakwai gare ku na yin rajista: uku kafin watan da zai cika 65, watan kansa, da uku bayansa. Kada ku yi sake. In bayan wannan lokacin ya kai kwana 63 a jere ba shi da wata inshorar magani mai inganci, za a ɗora masa tara a kan kuɗin wata-wata, kuma galibi ba ta sauka.

Ni dai ba na zaɓen tsarin Part D don arha kawai. Ku juye ledar magungunansa a kan tebur, ku shigar da sunan kowanne a Medicare.gov, domin kowane kamfani da nasa jerin magungunan. Insulin, allurar ciwon sukari, in yana cikin jerin tsarin, ba ya wuce dala 35 a wata. In kuɗin da Baba ke samu kaɗan ne, ku nemi Extra Help, tallafin rage kuɗin magani, a ofishin Social Security, hukumar fansho ta gwamnati.

Ana iya sauya tsari kowace shekara daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba.