Tambaya da Amsa: Wai za a raba mu da boilar gas?

Tambaya: Salam Malam, ni a Leeds nake da zama da maigida da yara uku. Boilarmu ta gas ta tsufa, sanyin bara sai da ta ɗauke sau biyu, yara da rigunan sanyi suka kwana. Maƙwabciyata ta ce kar mu sai sabuwa wai gwamnati za ta hana, sai dai mu sa injin nan da suke ce wa hit fom. Gaskiya ne? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa'alaikissalam Hajiya, Allah ya raya mana yaran. Kwantar da hankalinki, ba wanda zai zo ya cire miki boila, kuma in kin so sabuwa yau ɗin nan za a sayar miki. Abin da ke akwai shi ne tun 2019 Birtaniya ta sa a doka cewa zuwa 2050 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. Ta fannin lantarki sun yi nisa, tashar kwal ta ƙarshe, Ratcliffe-on-Soar, an rufe ta a Satumban 2024. Ɗumama gida ne ya zame musu ƙarfen ƙafa don yawancin gidaje gas suke ƙonawa.

Shi injin hit fom ɗin kamar AC yake amma aikinsa a juye, akwati ne da fanka a bayan gida, yana zuƙo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ya tura cikin ruwan rediyeta, wato ƙarfen nan na jikin bango da ke ɗumama ɗaki, ko da ana ƙanƙara yana yi. Lantarki awo ɗaya yakan ba da ɗumi wajen awo uku. A Ingila da Wales akwai tallafi, da fam 5,000 ne, a Oktoban 2023 aka kai shi 7,500, kuma mai haɗa injin ne zai nema a madadinku, sai dai dole ya kasance mai rajistar MCS, wato tsarin da ke tantance masu haɗa irin waɗannan injina. In haya kuke to wannan maganar mai gidan hayar ce.

Amma fa kar wani ya ruɗe ki da cewa bil zai faɗi warwas. Lantarki a can ya kusan ninka gas sau huɗu a tsada, kin ga ribar nan ta awo uku kusan ta tafi kenan, ni a ganina nan ne gwamnati ta gaza, ana ce wa mutane su bar gas alhali abin da za su koma ya fi tsada. Sannan ruwansa bai kai na boila zafi ba, a hankali yake ɗumama ɗaki, in gidanku irin tsofaffin jan bulon nan ne na Leeds da iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa labule na motsi to sai kin fara toshe rufi da tagogi, wataƙila ma a canza rediyetoci zuwa manya, ga wurin ajiye tankin ruwan zafi.

Ki kira masu haɗawa biyu ko uku su auna gidan ɗaki-ɗaki su ba ki farashi a rubuce tun kafin Nuwamba. In boilar ta riga ta mutu ana tsakiyar sanyi, ki sa sabuwa kawai, kar yaran nan su sake kwana a haka.