Idan Gejin Mai Ya Lalace A Sama, Da Me Matuƙin Jirgi Ke Dogara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin maniyyatan da za su tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Saudiyya. Mota idan gejin mai ya mutu sai dai direba ya ji ta tsaya. To jirgin sama fa, idan kwamfutarsa ta nuna mai ba daidai ba? Daga mai karatu, Ƙofar Kaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Matuƙin babban jirgi ba ya rataya ransa a kan geji ɗaya. Lissafi biyu yake riƙe da su, kowanne da hanyarsa daban.

Na farko daga cikin tankunan yake fitowa, waɗanda galibi a fukafukai suke. An kafa wasu sanduna a tsaye cikin tankin, yawan man da ya rufe su yana sauya ƙarfin riƙe lantarkinsu, kwamfuta ta haɗa wannan da kaurin man ta fitar da adadi da kilo. Ruwa a gindin tanki, ko wayar da ta ci tsatsa, ko ita kanta kwamfutar, duk suna iya sa ta faɗi ƙarya. Na biyun bai san da tanki ba: kowane inji yana da mitar da ke ƙirga man da ya sha, sai a cire wannan daga abin da aka tashi da shi. Matuƙa suna gwada su biyun da takardar shirin tafiya a kai a kai, a kamfanoni da yawa kusan duk minti 30.

Inda aikin yake shi ne idan suka saɓa. Geji ya yi tsalle lokaci guda ko ya mutu gaba ɗaya, mitar inji kuma tana tafiya daidai, jirgi bai rinjaya gefe ɗaya ba, wannan ya fi kama da laifin geji, sai a ci gaba da lissafin mita. Amma idan gejin yana raguwa a hankali fiye da abin da injuna ke sha, ana ɗaukarsa yoyo ne har sai an tabbatar da akasin haka, domin mitar inji ba ta ganin man da ya zube kafin ya iso gare ta. A nan matuƙi zai buɗe littafin matakan gaggawa, ya sa ma'aikata su leƙa fiffike ta taga, ya kuma guji buɗe bawul ɗin da ke haɗa tankunan hagu da dama. A watan Agustan 2001 matuƙan wani Airbus A330 na Air Transat sun zaci kwamfuta ce ke ruɗu, suka buɗe wannan bawul, man ɓangaren lafiya ya bi ta wurin yoyon. Injuna biyu suka mutu a saman tekun Atlantika, suka lallaɓa suka sauka a tsibiran Azores da mutum 306, babu wanda ya rasu.

Kuma doka ta ajiye man da ba a taɓawa, na shawagin minti 30. Matuƙin da ya ga zai sauka da ƙasa da haka dole ya kira "Mayday", wato kiran neman agajin gaggawa, a ba shi hanya, kuma tun kafin a kai can yawanci ya karkata zuwa fili mafi kusa.

A ganina babban haɗarin a ƙasa yake farawa. Idan geji ya lalace kafin tashi, akwai kundin da ya fayyace ko jirgin zai tashi ko a'a, kuma injiniya yana zaro sandunan awo daga ƙarƙashin fiffike ya auna da hannu, a mayar da lita zuwa kilo, kowace lita kusan kilo 0.8. A nan Boeing 767 na Air Canada ya shiga matsala a Yulin 1983: gejinsa a mace, masu lissafi suka yi amfani da 1.77, wato nauyin lita da laba, maimakon 0.8 na kilo. Jirgin da ke buƙatar kilo 22,300 ya tashi da abin da bai kai rabi ba, man ya ƙare a sama, Kyaftin Robert Pearson ya saukar da shi a tsohon filin soja na Gimli a Kanada. Na kamfanin Tuninter na Tunisiya a 2005 ya fi muni: an ɗaura wa jirgi samfurin ATR 72 gejin ƙaramin samfurin ATR 42, yana nuna man da babu shi, jirgin ya faɗa teku kusa da Palermo a Italiya, mutum 16 suka rasu. Shi ya sa kafin a rufe ƙofa matuƙi ke karɓar rasit ɗin tankar mai, ya haɗa litocin da aka zuba da ragowar da ya tarar, ya ga ko jimillar ta yi daidai da abin da ke kan allo. Idan ba ta yi ba, jirgin yana nan a ƙasa har a gano dalili.